Kafin ka kwance wayarka da kanka don canza sikirin, ga abinda bidiyo baya nuna maka

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ɗan fili nake nema in yi magana akan wani abu da naga ya yawaita yanzu musamman tsakanin matasa, wato mutum wayarsa ta faɗi sikirin ya fashe, sai ya hau YouTube ko TikTok ya kalli bidiyon minti uku, washegari ya sayo sabon sikirin da ƴan sukundireba ya zauna zai canza da kansa. Tun farko bari in faɗi matsayata, bana cikin masu cewa kar a taɓa, waya taka ce da guminka ka saya, kuma aikin nan ba tsafi bane, mutum ne ya haɗa ta mutum ne zai kwance ta. Abinda ke damuna shine bidiyoyin nan sashen da yafi sauƙi kawai suke nunawa, inda ake ɓarnar sai su yanke ko su gudu da shi da sauri, to wanda ya kalla sai ya ɗauka cire wannan a maƙala wancan ne shikenan, ƙarshe wayar da gilashinta kawai ya tsage amma tana kira tana amsawa sai ta koma ko kunnuwa bata yi. Garin gyaran gira an rasa ido kenan.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, abinda muke kira sikirin ɗin nan ba abu ɗaya bane. Akwai gilashin sama wanda yatsanka ke taɓawa, a ƙarƙashinsa akwai taci wanda ke jin inda ka danna, sannan can ƙasa akwai ainihin allon da ke fitar da hoto. A wayoyin da, ana iya raba su a canza wanda ya lalace kawai, amma a kusan duk wayoyin yanzu an manne su ne wuri ɗaya da wani gam mai garau wanda ido baya gani, saboda hoto yafi fitowa tas kuma wayar tafi siranta. To anan ne mutane da yawa ke faɗawa, sai mutum yaga ana sayar da gilashin sama shi kaɗai da araha sosai yace ai nawa gilashi ne kawai ya fashe hoto lafiya lau, bari in sayi wannan. Wallahi wannan aikin ba na gida bane, masu yinsa suna da injin da ke ɗumama sikirin su yanka gam ɗin da siririyar waya ta ƙarfe, da wani injin da ke zuƙe iska ya manne sabon, da wani kuma na fitar da kumfa, kuma duk da haka su ma yana fashe musu wani lokacin. Wanda zai yi a gida komfilit zai saya, gilashi da taci da allo a haɗe, in ma da hali ya nemi wanda yazo da firem ɗinsa, don shi wannan kayan cikin wayar kawai zaka kwashe ka mayar, ba sai ka zauna kana kankare tsohon gam da ɓarɓashin gilashi ba.

Sai maganar wane zaka saya, kuma ni a ganina rabin aikin anan yake ƙarewa tun kafin a taɓa noti ko ɗaya. Sunan waya baya isa. Ɗauki misalin Galaxy A32, akwai mai 4G akwai mai 5G, suna ɗaya ne a baki amma mai 4G allonta AMOLED ne inci 6.4, mai 5G kuwa LCD ne inci 6.5, ko kaɗan na wannan baya shiga waccan. Haka abin yake a Redmi da Tecno da Infinix da sauransu, harafi ɗaya a ƙarshen suna ya isa ya canza komai. Saboda haka lambar model zaka duba a cikin saitin wayar ko a jikin kwalinta, da ita zaka yi sayayya ba da sunan da ake kiranta ba.

Bayan haka akwai bambancin LCD da OLED wanda mai sayarwa ba lallai ya tsaya yi maka bayani ba. LCD fitila ce a bayansa take haska shi gaba ɗaya, OLED kuma kowane ɗigo shi ke bada haskensa, shi yasa baƙinsa yake baƙi wuluk kuma yafi siranta, shi yasa kuma in ya samu rauni zaka ga baƙin tabo yana yaɗuwa kullum ko koren layi ya ratsa daga sama har ƙasa. To akwai sikirin na kwafi da ake yi da LCD don a sa a wayar da asalinta OLED ce, zai kawo hoto ba shakka, amma yafi kauri har wani lokacin ya ɗan ɗago daga firem, kalarsa a dishe, a rana da kyar kake gani, yana shan caji, kuma in wayarka irin wadda ake ɗora yatsa akan sikirin ta buɗe ce to wannan ka manta da shi, don na'urar dake karanta zanen yatsan a ƙarƙashin allon take, ta cikinsa take leƙowa, fitilar LCD kuwa ta tare mata hanya. Araha bata ado. Bance kowa sai ya sayi orijinal ba, kowa da ƙarfin aljihunsa, kuma akwai kwafi mai kyau da ake jin daɗinsa, amma mutum ya san me ya saya da abinda ya haƙura da shi, kar sai ya gama rufe waya sannan ya gano.

Kafin a buɗe kuma a kwashe abinda ke ciki, hotuna da lambobi da saƙonnin WhatsApp da takardu, a tura su kwamfuta ko Google Drive ko iCloud. In tacin ya mutu baka iya buɗe wayar, a yawancin wayoyin Android zaka iya jona linzamin kwamfuta ta ƴar mahaɗar OTG, wato ƴar abar da ke haɗa kayan USB da ramin cajin waya, ka zana fatan ɗinka ko ka danna lambobin sirrin da shi, in dai hoton yana fitowa. Sikirin ana sayen wani, hoton mahaifiyarka da ta rasu ba'a sayensa a ko'ina.

Yanzu ga abinda yasa na ɗauki alƙalami tun asali, batir. Dan Allah Malam Edita ko da za'a rage wasiƙar nan saboda tsawo a bar wannan sashen. Batirin waya na lithium ne, a cikinsa wasu siraran shafuka ne aka naɗe, tsakaninsu ɗan shamaki ne wanda bai kai kaurin gashi ba, in aka huda shi ko aka lanƙwasa shi shafukan suka haɗu sai ya fara zafi da kansa, zafin na ƙara haifar da zafi, cikin daƙiƙoƙi sai hayaƙi sai wuta, kuma hayaƙin guba ne. Wanda ya tuna Galaxy Note 7 a 2016, wadda kamfanin ya janye daga kasuwa gaba ɗaya har jiragen sama suka hana shiga da ita, ya san ba tatsuniya nake ba, kuma waccan ma ba wanda ya soka mata ƙarfe, matsala ce daga wajen ƙira. To ina ga wanda ya sa wuƙa ko sukundireba yana ɓanɓarar batir mai cike da caji? Shi yasa masu koyar da gyara ke cewa a bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25 kafin a buɗe, don iya cajin dake ciki iya ƙarfin wutar da zai tayar. A kashe wayar gaba ɗaya. Da an buɗe, abu na farko da za'a cire shine mahaɗin batir, da roba ko farce ba da ƙarfe ba, kuma shine na ƙarshe da za'a mayar, saboda in ka cire ko ka jona fileks ɗin sikirin, wato siririn zirin da ke haɗa shi da cikin wayar, alhali wuta na yawo a fanel, wato allon injin wayar, kana iya ƙona layin da ke bada haske, sai ka sa sabon sikirin fil ya kawo duhu ka ɗauka jabu aka sayar maka, alhali fanel ɗin ne ya ƙone. Kuma in kaga sikirin ya ɗago da kansa ba faɗuwa yayi ba, ko bayan wayar ya turo, ko kaji wani ƙamshi-ƙamshi mai hawa kai daga ciki, batirin ne ya kumbura, wannan ka daina cajinta kar ka danna kar ka ɗumama, ka kaita wajen wanda ya iya. Ko a littafin gyara na Apple sai da suka ce a ajiye busasshen yashi kusa don a zuba masa in ya tashi, kaga kuwa su da suka ƙera abin basu raina shi ba. Kar a yi aikin nan akan katifa ko kusa da yara.

Buɗewar kanta kowace waya da ƙofarta. Yawancin iPhone ta gaba ake shiga, sikirin ɗin ne murfin, yawancin Android kuwa ta baya ake farawa, sai ka cire murfin baya da robar dake rufe fanel, wani lokacin har batir, kafin ka kai ga fileks ɗin sikirin, kaga kenan wanda bayan wayarsa gilashi ne yana iya fasa baya garin gyaran gaba. Ko a iPhone ɗin ma ba ɗaya bane, 6 daga ƙasa ake ɗagawa zuwa sama, daga 7 zuwa gaba ta gefe take buɗewa kamar littafi, ita kuwa 5s akwai wani ɗan fileks na madannin tsakiya a ƙasa wanda in ka ɗaga da ƙarfi tsinkewa yake nan take. Don haka bidiyon wata wayar ba zai yi maka ba ko da kamfaninsu ɗaya, ka nemi na taka sak, ka kalle shi har ƙarshe kafin ka fara, in da hali ka haɗa da rubutaccen bayani mai hotuna irin na iFixit wanda kyauta ne, don shi yana tsayawa ya gaya maka nan akwai haɗari.

Ka liƙe fuskar fasasshen gilashin da faffaɗan salatif, zai hana ɓarɓashi shiga yatsa da ido kuma zai ba robar zuƙa da ake ɗago sikirin da ita inda zata kama. Gam ɗin gefe zafi ke sakinsa, masu gyara suna saita abin ɗumamawarsu wajen digiri 70 zuwa 80, a gida handiraya ta isa in kana yawo da ita ba ka tsaya wuri ɗaya ba, daidai inda hannunka zai ji ya ɗan yi masa zafi. In ya ƙi ɗagowa ƙara ɗumi zaka yi, ba ƙara ƙarfi ba, duk inda kaji kana kokawa da waya to akwai noti ko gam ko ƙugiya da ka tsallake. Katin robar da kake zurawa a gefe don yanka gam ɗin kuma bakinsa kawai zai shiga, milimita biyu ko uku, don daga nan ciki fileks ne da kyamara da eriya.

Notina kuma su ne masu kisan mummuƙe. iPhone tun zamanin 4 take da wasu notina biyu a ƙasa masu kai biyar da sukundireban gida baya kamawa, daga 7 kuma suka ƙara masu kai uku a ciki, in ka matsa da wanda ba nasa ba kan ya cinye shikenan ka tsaya. Amma babbar matsalar tsawonsu ce, a ido duk iri ɗaya ne alhali wani yafi wani da ƙasa da rabin milimita, in ka ɗaura dogo a ramin gajere sai ya nutse ya ci siraran layukan dake cikin fanel, waya ta ƙi tashi ko hoto ya ɗauke, kuma wannan gyaran sai mai madubin ƙara girma da hannu mai sanyi, in ma ya gyaru. Maganin kuwa mai sauƙi ne har mutum ya raina, ka zana hoton wayar a takarda, duk notin da ka cire ka liƙa shi da salatif a daidai inda ya fito, kuma ka riƙa ɗaukar hoto da wata wayar a kowane mataki.

Akwai kuma abinda ba laifin hannunka bane, kamfani ne ya tsara shi haka. Wasu kayan dake jikin tsohon sikirin an ɗaura musu aure da fanel ɗin wayarka tun daga masana'anta, na wata wayar baya yi. Madannin tsakiya na iPhone mai karanta yatsa dole naka na asali zaka ciro ka mayar a sabon, haka a iPhone X da 11 ƴar sifikar kunne tana haɗe da wani ɓangare na Face ID a bayan sikirin, ka tsinke wannan fileks ɗin to gane fuska ya tafi. A 2016 anyi rikicin da ake kira Error 53, inda wayoyin iPhone 6 da aka canza wa madanni a waje suka mutu bayan sabunta manhaja, sai da Apple ya bada haƙuri ya fitar da gyara, a 2018 kuma kotu a Ostareliya ta ci shi tara akan lamarin. Da iPhone 13 ta fito a 2021 ma duk wanda ya canza sikirin a waje Face ID ɗinsa daina aiki yake, sai da aka yi ta surutu suka janye a iOS 15.2. A ɓangaren Android kuma wasu wayoyin sai an sake saita na'urar yatsan da manhaja bayan canji, Google ma ya fitar da nasa abin saitawar don Pixel. Duk wannan bidiyon minti uku baya faɗa.

Kafin ka sa gam, jona sabon a sake haka nan ka kunna ka gwada. Ja wani tambarin manhaja ka zagaya da shi kowane lungu kaga ko akwai inda yake kuɓucewa, buɗe farin shafi da baƙi ka duba tabo, yi kira ka kara a kunne kaga ko hasken na ɗaukewa, a Samsung in ka danna *#0*# a wajen kira akwai shafin gwaji da ke fitowa a yawancinsu. Kar ka ɓare ledar gaba ko tambarin mai sayarwa sai ka tabbatar, don da ka ɓare ko gam ya taɓa shi da wuya a karɓa. Mahaɗin fileks kuma a hankali ake daidaita shi sai kaji ya ɗan yi ƙas, ba'a danna shi ta tsakiya da ƙarfi. Wajen rufewa ko salatif ɗin da aka yanka daidai wayar ko gam irin B-7000 siriri a gefe, a ɗaure da roba a barshi ya bushe, amma sufa gulu kam a'a, yana ƙonar roba yana barin farin hazo kuma ranar da za'a sake buɗewa sai an fasa. Sannan ko da wayarka mai IP67 ce ko IP68, wadda aka ce tana jure ruwa, daga ranar da aka buɗe ta ka ɗauka wannan alƙawarin ya ƙare, garantin kamfani ma a duba kafin a taɓa in bai ƙare ba.

To wa ya kamata ya gwada? Ni dai shawarata wanda wayarsa mai sauƙin kuɗi ce mai LCD, ko yana da tsohuwa a ajiye da zai koya da ita, yana da haƙuri da haske da tebur da lokacin da ba wanda zai dame shi, bismilla ya gwada, zai ƙaru kuma sirrin wayarsa bai je hannun kowa ba, wanda shi ma ba ƙaramin abu bane. Amma mai lanƙwasasshen gefe, ko mai naɗewa, ko wayar da ita kaɗai gareka kuma da ita kake neman abinci, dan Allah kar ka fara koyo da ita. In ka haɗa kuɗin sikirin da kayan aiki da yiwuwar fasa na farko, sau tari ladan mai gyara bai kai haka ba, kuma mutanen nan ba banza suke karɓa ba, shekaru suka yi suna koyo. In sirri kake tsoro, Samsung da Pixel na yanzu suna da yanayin gyara da ke kulle hotuna da saƙonninka mai gyara ya gwada wayar ba tare da ya gani ba.

Amma fa ban wanke kamfanoni ba, don su suka mayar da aikin nan mai wuya haka. Da Apple ya fara sayar wa mutane kayan gyara a Amurka a 2022, akwatunan kayan aikin da yake bada haya nauyinsu ya kai kusan kilo 36, don gyaran abinda ke shiga aljihu. Alhali Fairphone na ƙasar Holan da ƙaramin sukundireba ɗaya kake canza sikirin ɗinsa ba gam ba zafi, Nokia G22 ta 2023 ma an yi ta ne don mai ita ya iya gyarawa, kenan ana iyawa in anso. Faransa a 2021 ta tilasta a nuna makin sauƙin gyara a wajen sayar da waya, jihar Oregon a Amurka ta yi dokar hana ɗaure kayan gyara da manhaja a 2024, Tarayyar Turai kuma daga 20 ga Yunin 2025 tace dole kayan gyaran waya su kasance akwai har shekara 7 bayan an daina sayar da ita. Kuma abin ya wuce aljihun mutum ɗaya, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba'a tattara an sarrafa yadda ya dace ba, kuma ni takaici nake ji in naga waya mai lafiyayyen inji an jefar da ita saboda gilashi.

Roƙona gareka Malam Edita, ku ware ɗan shafi ko sau ɗaya a wata ku riƙa gayyato masu gyaran waya na gaskiya suna bayani da Hausa, da hotuna mataki-mataki, musamman akan ƙananan wayoyin da yawancin mutane ke riƙewa, don bayanan dake intanet akasari na iPhone ne da manyan Samsung kuma da Turanci. Su fara da yadda ake gane batirin da ya kumbura da inda ya kamata a kai shi da tsohon sikirin ɗin in an cire, don ba kayan jefawa a kwandon shara bane balle a ƙona.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum